Ga ƙannenmu na Kebbi da Zamfara da suka zo Amurka haɗa digirin kasuwanci da na kula da ma'aikata

Wanda ya samu gurbin karatun digiri biyu a haɗe, wato MBA (babban digirin gudanar da kasuwanci) da digirin kula da ma'aikata, ya kamata ya sani tun bai kwance kayansa ba cewa karatun nan biyu halinsu ba ɗaya ba ne. Lissafin kuɗi da na riba da asara da aka koya muku a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko ta Birnin Kebbi, shi za ku tarar a nan, sai dai a zurfafa shi. Sha'anin ma'aikata kuwa a kan dokar ƙasa da ɗabi'ar mutanenta aka gina shi, don haka a nan ne baƙo yake komawa ɗan koyo, ko da ya shekara goma yana riƙe da fayil ɗin ma'aikata a sakatariyar jiha.

Jami'o'i irin su Cornell a jihar New York da Jami'ar Jihar Ohio da ke Columbus suna ba da wannan haɗi, kuma ribarsa ita ce ana ƙidaya wasu kwasa-kwasan ga digirin biyu, sai lokaci ya ragu. Tun makon farko ku zauna da mai ba da shawara na kowane sashe ku tsara kwasa-kwasanku a rubuce har zangon ƙarshe, domin kowane sashe da ofishinsa, kuma ba lalle ne ɗaya ya san abin da ɗayan ya faɗa muku ba. Ku duba takardar I-20, wadda makaranta take ba ɗalibi baƙo don bizarsa, ku tabbatar ranar kammalawa da ke kanta ta ɗauki tsawon digirin biyu, in kuwa ba ta kai ba, ƙarin wa'adi kafin ranar ta cika ake nemansa. Wanda ya sauya gida kuma, kwana 10 gare shi ya sanar da ofishin ɗalibai baƙi.

Dokar aiki ce za ta fi ɗaure muku kai. A kusan duk jihohin Amurka, mai kamfani yana iya sallamar ma'aikaci ba tare da ya faɗi dalili ba, shi ma ma'aikacin yana iya tafiyarsa ba sanarwa, muddin sallamar ba ta faɗa cikin abin da doka ta haramta ba. Wanda ya saba da aikin gwamnati a gida, inda sai an ba da takardar tuhuma an kafa kwamiti kafin a taɓa mutum, zai daɗe bai saki jiki da wannan ba. Dokar 1938 ce ta kawo mafi ƙarancin albashi na tarayya, wanda yake dala 7.25 a awa tun 2009, ko da yake jihohi da yawa sun ɗaga nasu, ita ce kuma ta wajabta biyan kuɗin awa ɗaya da rabi a kan kowace awa ta ƙari ga ma'aikacin da ta shafa idan ya wuce awa 40 a mako. Dokar 1964 ta hana nuna bambanci a wurin aiki saboda launin fata ko addini ko jinsi ko ƙasar asali. Saboda haka tambayoyin da muke yi wa mai neman aiki cikin kyakkyawar niyya, irin su yana da iyali, 'ya'yansa nawa, ɗan wane gari ne, a nan jami'in ɗaukar ma'aikata gudunsu yake yi. Ku ma ku cire hoto da ranar haihuwa da addini da ƙaramar hukuma daga takardar bayanin kanku kafin ku miƙa wa kowa. Dokar 1964 ɗin ce kuma ta ɗora wa mai kamfani ya sassauta wa ma'aikaci don ibadarsa idan hakan ba zai jawo masa wahala mai yawa ba, don haka maganar fita Sallar Jumu'a ku yi ta da wuri, a rubuce, ba tare da jin nauyi ba.

A aji, kawaicin da aka yi mana tarbiyya da shi yana cin maki, domin a darussa da yawa ana ba da maki a kan tofa albarkacin baki, kuma musu da malami cikin ladabi abin yabo ne a wurinsu.

Neman aikin horo na hutun bazara tun kaka ake fara shi, 'yan makonni bayan isowarku, kuma da zafi-zafi ake bugun ƙarfe. Kamfanoni suna shirya tarukan sanin juna, sau da yawa da giya a kan tebur. Ku je, ku ɗauki lemo, ku gaisa da mutane, ku tambaye su kai tsaye ko suna ɗaukar baƙi, don kada ku ɓata wata guda a kan ƙofar da ba za ta buɗu ba. Bizar ɗalibai ta F-1 awa 20 a mako ta yarje muku ku yi aiki a cikin makaranta lokacin karatu, aikin horo a waje kuwa sai da izinin CPT, wato na horon da yake cikin tsarin karatunku, a kan takardarku ta I-20 kafin ranar farawa, bayan kammalawa kuma akwai OPT, izinin aiki a fannin da kuka karanta, na wata 12. Aikin ɓoye a shagon wani ɗan'uwa, komai tausayin da ya sa ya kira ku, yana iya rushe bizar baki ɗaya.

Mai niyyar komawa gida kada ya bar dokar Najeriya ta kuɓuce masa, domin can Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke shari'ar sallama da albashi, mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne a wata tun 2024, ƙwararrun fannin kuma da CIPM, cibiyar jami'an kula da ma'aikata ta Najeriya, suke rajista. Idan an ba ku zaɓin aikin bincike, ni a ganina ku ɗauko shi daga gida, misali yadda ake ɗauka da biyan leburori da masu dakon buhu a masana'antun shinkafa na Argungu da Birnin Kebbi lokacin kaka, sannan ku auna shi da abin da aka koya muku a aji.