Yadda zaka tsara cin abinci da azumi da motsa jiki kana jinyar rauni

Ranar da aka sa min filasta bayan na karye a idon sawu wajen ƙwallo, wallahi tumbi ne ya fara zuwa min a rai tun kafin zafin ƙafar. Nace shikenan sati shida a zaune, ba gudu ba ɗaga ƙarfe, zan tashi da teɓa kamar an hura ni. Sai na raba abincina biyu na ajiye rabi, na kuma ɗora da tsarin nan na rufe baki awa 16 a rana. Sikeli ya nuna na sauke kilo uku ina ta murna abina, ranar da aka cire filastar na kalli ƙafar nan sai da gabana ya faɗi, ta tsotse ta koma kamar sillen kara, ashe tsoka na zubar, teɓar kuwa tana nan daram inda na barta. Toh ga yadda ya kamata ace na yi, in kai ma kana kwance da karaya ko targaɗe ko yagewar jijiya ko an maka aiki a gwiwa.

Mataki na 1: ka san iyakarka daga bakin likita

Kafin ka bar asibiti kayi tambaya ƙarara. Zan iya taka ƙafar? Duka nauyina ko rabi ko sam kar ta taɓa ƙasa? Wace gaɓa zan iya motsawa wacce ce bazan taɓa ba? Yaushe zan fara ganin likitan motsa gaɓoɓi? Yawancinmu da zarar ance ka huta sai mu ɗauka ana nufin ka kwanta kamar gawa har sai an warke, alhali su kansu likitocin sun sauya ra'ayi a kan wannan. Dakta Gabe Mirkin na Amurka shi ya yaɗa tsarin hutu da ƙanƙara da ɗauri da ɗaga ƙafa sama a 1978, amma a 2014 da kansa ya fito yace yawan ƙanƙara da hutu na gaba ɗaya suna iya jinkirta warkewa. Wato kwanakin farko ka kare wurin, bayan nan motsi daidai gwargwado yana cikin maganin. Karaya kuma hukuncinta daban, abin da likitan ƙashi yace shi zaka bi.

Mataki na 2: kar ka yanke abinci don tsoron ƙiba

Nan ne na faɗa rami. Lissafin da kowa yake yi shine tunda bana motsi ai bana ƙona komai, amma jiki mai ɗinke rauni leburanci yake yi dare da rana, yana haɗa sabon ƙashi da sabuwar jijiya da sababbin hanyoyin jini, kuma wannan aikin yana ɗaga yawan kalori da jiki ke ƙonawa a zaune da kamar kashi 15 har zuwa 50 cikin ɗari, ya danganta da girman raunin. Ga tafiya da sanduna, wadda take cin ƙarfi ninki biyu zuwa uku na tafiyar ƙafa, duk wanda ya taɓa hawa bene da su ya san zufar da ake haɗawa.

Gaskiya ne baka buƙatar abinci kamar lokacin da kake atisaye kullum, don haka ragi kaɗan ba laifi, amma ka rage daga inda ba amfani: lemon kwalba, kayan zaƙi, soye-soye, da ɗan ciye-ciyen nan da mutum yake yi saboda zaman kaɗaici yana danna waya ba don yunwa ba. Abincin kirki ka barshi yadda yake. In ka ƙara kilo ɗaya ko biyu a jinyar nan ba wani abu bane, saukar da shi yafi sauƙi nesa ba kusa ba akan dawo da cinyar da ta zube.

Mataki na 3: furotin, kuma a rarrabe

Tsoka tana zubewa da saurin da zai baka mamaki. Masu bincike a jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan sun ɗaure ƙafar matasa masu lafiya garau, cikin kwana 5 kawai kaurin tsokar cinya ya ragu da kashi 3.5 cikin ɗari, a kwana 14 ya haura kashi 8. A wani gwajin nasu na 2016 an kwantar da samari a gado sati ɗaya cur, suka rasa kusan kilo 1.4 na tsoka. Sati ɗaya fa. Abin haushin ma shine tsokar da bata motsi kunnen ƙashi take yi, furotin ɗin da a da yake isarta ta ginu yanzu baya motsa ta sosai, sai ka ƙara mata.

Mutum lafiyayye mai zaman ofis giram 0.8 a kowane kilo na nauyinsa ya ishe shi a rana. Mai jinyar rauni da yake son riƙe tsokarsa ana bashi shawarar giram 1.6 zuwa 2 ko ma sama da haka kaɗan. Kace nauyinka kilo 70 ne, kaga kana neman giram 112 zuwa 140 kenan. Kar ka tara shi duka a abincin dare, ka raba shi sau huɗu, kamar giram 30 kowane zama, tazarar awa uku zuwa huɗu. Ƙwai ɗaya giram 6 ne, kofin madara kamar 8, kofin dafaffen wake kamar 15, tsokar kaza dafaffiya mai girman tafin hannunka wajen 30, kifi ɗan ƙasa da haka. Da safe ne mutane suka fi yin sakaci, shayi da burodi kawai a wuce wurin, toh ka jefa ƙwai uku da kofin madara ka ga ka kusa cika lissafin. Kafin kwanciya ma kofin madara ko yogot yana taimakawa tunda dare dogo ne.

Garin furotin na gwangwani ba dole bane, sauƙi kawai yake kawowa ranar da baka jin cin abinci. Mai ciwon ƙoda kuma kar ya ƙara furotin sai ya tambayi likitansa, wannan ba wasa.

Mataki na 4: maganar azumi

Akwai salo kala-kala, akwai 16:8 wato ka rufe baki awa 16 ka ci cikin awa 8, akwai 5:2 da wani likita mai shirin talabijin, Michael Mosley, ya yaɗa a Ingila tun 2012 inda kwana biyu a sati kake tsayawa a kalori 500 zuwa 600, akwai masu ci sau ɗaya tak a rana. Ni ban tsani ko ɗaya ba, ina yin 16:8 har gobe in ina lafiya saboda yana hana ni ciye-ciyen dare. Amma ka duba abin da muka faɗa a sama, ana son furotin sau huɗu a rarrabe, ta ina zaka cusa wannan cikin cin abinci sau ɗaya? Ko a masu lafiya ma, wani gwaji da aka yi a jami'ar Kalifoniya ta San Francisco aka wallafa a 2020, mutum 116 na tsawon sati 12, ya nuna masu 16:8 ɗan kaɗan suka rage, kuma a cikin waɗanda aka auna jikinsu sosai fiye da rabin abin da ya sauka ba kitse bane. Wasu gwaje-gwajen da aka haɗa da ɗaga ƙarfe da wadataccen furotin basu ga wannan asarar ba, amma kai ai ɗaga ƙarfe da gaɓar mai ciwo aka hana ka.

Don haka ga yadda nake gani. Sati biyu zuwa uku na farko, ko duk lokacin da akwai ɗinki ko buɗaɗɗen ciwo ko sabuwar karaya, ajiye azumin rage ƙiba gefe ɗaya. In abubuwa sun lafa kuma ka matsu, fara da awa 12, kaci abincin dare ƙarfe 8 ka karya ƙarfe 8 na safe, wannan kusan barci ne ya cinye shi. Daga baya ka kai 14 in kana iya cusa abinci uku masu furotin a cikin awa 10 ɗin da suka rage. Ci sau ɗaya a rana da azumin kwana biyu ko uku a jere da ruwa zalla, waɗannan ka bari sai ka koma taka ƙafarka.

Sannan magani. Ibuprofen da diclofenac da danginsu a kan cikin da ba komai hanya ce ta jawo olsa, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta kuma ana shansu ne duk bayan awa 6 ko 8, baka isa ka matsa musu lokaci don tsarin cin abincinka ba. Mai ciwon suga da yake allurar insulin ko shan ƙwayar saukar da suga, da mai ciki, da wanda ya taɓa fama da matsalar ƙin cin abinci, su kam ba ruwansu da wannan gwajin sai da likita. Ga kuma jiri, mutum yana kan sanduna da ƙafa ɗaya jiri ya ɗebe shi a banɗaki, an koma gidan jiya. In azumin ibada ne, mara lafiya yana da rangwame ya rama daga baya, ka haɗa maganar likita da ta malami ka yanke, in kuma zaka yi toh ka raba furotin ɗin uku tsakanin faɗuwar rana da asuba ka sha ruwa sosai.

Mataki na 5: motsa duk abin da bai ji ciwo ba

Ƙafa ɗaya ce ta karye, sauran jikin me ya same shi? Kana zaune a kujera zaka iya ɗaga ƙarfen hannu, ka ja robar atisaye, kayi na kafaɗa da baya da ciki. In hannu ne ya samu matsala ai ƙafafu suna nan, tafiya da keken da ake tuƙawa a wuri ɗaya sun ishe ka riƙe numfashi. Sau uku a sati, minti 20 zuwa 30, ya wadatar.

Abin da yafi bani mamaki da na karanta shine in ka horar da lafiyayyar ƙafar, wadda take ɗaure ma tana samun rabonta. Tun 1894 aka fara rubutawa a jami'ar Yale cewa horar da hannu ɗaya yana ƙara wa ɗayan ƙarfi, kuma gwaje-gwajen baya-bayan nan sun nuna wanda yake horar da hannu ɗaya baya rasa ƙarfin ɗaya hannun da aka ɗaure kamar wanda ya zauna haka nan, saboda ƙarfi ba a tsoka kaɗai yake ba, ƙwaƙwalwa da jijiyoyin saƙo suna da kaso babba. Na so ace na san wannan tun ina kwance.

Ita kanta gaɓar mai ciwo, in likita ya yarda, akwai matse tsoka ba tare da motsa gaɓa ba, ka miƙe ƙafa ka ɗaure cinyarka tamau daƙiƙa 5 zuwa 10 ka saki, sau 10, ka maimaita sau da yawa a rana, ka riƙa motsa yatsu kuma. Shiga ruwa yana da daɗi sosai don ruwa yana ɗauke nauyi, amma sai an cire filasta ciwo ya rufe ruf. Ma'aunin da nake bi mai sauƙi ne: ɗan ciwo kaɗan da ya lafa kafin washegari ba komai, ciwo mai suka ko kumburin da ya ƙaru da safe yana nufin ka wuce gona da iri, koma baya taki ɗaya.

Mataki na 6: ƙananan abubuwan da ake rainawa

Bitamin C shi jiki yake amfani da shi wajen haɗa kolajin, zaren da ake ɗinke fata da jijiya da ƙashi da shi. Matuƙan jirgin ruwa na da in suka yi watanni ba ɗanyen abu har tsofaffin tabonsu buɗewa suke yi, shi yasa wani likitan jirgin ruwa, James Lind, ya gwada basu lemu a 1747. Lemu ko gwaiba ko tattasai kullum ya isa, ba sai ka sayi kwalabe ba. Ƙashi yana son kalsiyam kamar miligiram 1000 a rana ga babba, da bitamin D wanda zaman ɗaki yake ragewa, don haka a fitar da kai ka sha hantsi. Taba sigari tana takure hanyoyin jini tana jinkirta haɗewar ƙashi, wani ma ya ƙi haɗewa sam, giya kuma tana rage ginin tsoka. Barci awa 7 zuwa 9. In an baka tramadol ko kodin zaka sha fama da taurin bayan gida, ruwa da ganye da 'ya'yan itace tun ranar farko, kar ka jira sai abin ya kama ka.

Mataki na 7: me zaka riƙa aunawa

Sikeli yaudarata yayi, don haka nemi tef irin na tela. Sau ɗaya a sati ka auna ƙugu daidai cibiya, ka auna cinya ko damtse na ɓangaren lafiya da na ciwo a wuri ɗaya kullum, ka rubuta a waya. In ƙugu yana hawa da sauri rage zaƙi da mai, in cinya tana zubewa da sauri duba furotin ɗinka ka gaya wa likitan motsa gaɓoɓi.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su gobe. Sha-raɓa ta kumbura tayi zafi tana ciwo, musamman ɓangare ɗaya, ko numfashi ya riƙa sarƙewa haka kawai da ciwon ƙirji, wannan yana iya zama gudan jini ne wanda zaman wuri ɗaya yake jawowa, asibiti kai tsaye. Haka in yatsun da suka leƙo daga filasta suka yi sanyi ko suka canza kala ko ka daina jinsu, ko zazzaɓi da wari daga wurin ciwon.

Ranar da aka sallame ka ka koma atisaye kuma kar ka ɗauko nauyin da ka bari, fara da kamar rabinsa ka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan duk sati, numfashi da tsoka suna dawowa da wuri amma jijiya da ƙashi suna baya, su ake jira. Ni sai da lafiyayyar cinyar da mai ciwon suka kusa zuwa ɗaya a tef, na kuma iya tsalle da ƙafa ɗaya ba ciwo, sannan na koma 16:8 na fara maganar sauke teɓar.