In Fartanya Ta Tono Mutum-mutumin Nok

A kudancin Kaduna da yankin Kwatarkwashi a Zamfara, manomi kan ci karo da kan mutum na gasasshen yumɓu yana cikin huɗa. Irinsu aka fara tsinta a ƙauyen Nok a 1928 wajen haƙar kuza, kuma sun haura shekara 2,000. Dillalai na farautarsu, har ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta sa na Nok da Sakkwato da Katsina a jerin kayan da ke cikin haɗarin sata a 2000.

Da farko, a dakatar da aiki a wurin, kada a ciro shi. Gawayi da ƙwayoyin geron da suka ƙone da ke kewaye da shi su ne ake aunawa a san shekarunsa. Da zarar an tumɓuke shi an watsar da ƙasar, wannan shaida ta tafi ke nan. Kada a wanke shi kuma. Yumɓun da ya daɗe cikin danshi yana da rauni, ruwa da soso kan ɗebe fatarsa da zanen kitso.

A ɗauki hoto yana kwance a inda yake: ɗaya daga sama, biyu daga gefe, ɗaya daga nesa mai nuna bishiya ko dutse. A ajiye ma'auni ko kwalin ashana kusa da shi don girmansa ya fito. A adana lambobin wurin daga taswirar waya, sannan a mayar da ƙasa mai laushi a rufe.

Hoton nan ba na Facebook ba ne. Masu tono na bin labari, cikin kwanaki sai gona ta koma ramuka.

A sanar da mai unguwa da ofishin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, NCMM, na Kaduna ko Jos. Dokar 1979 da ta kafa hukumar ta hana tono da fitar da kayan tarihi waje ba izininta.

In an riga an ciro shi, a bar shi ya bushe a inuwa. Kada a liƙa gutsattsarin da gam. A naɗe kowane daban da takarda, ban da leda, don tana riƙe danshi. A rubuta tsawo, faɗi, da duk inda ya gutsure, domin da wannan tabon ake gane shi in ya ɓulla a kasuwar gwanjo ta Faransa.