Shawara ga masu neman postdok a fannin injiniya da kimiyya

Salamu alaikum 'yan uwa. Jiya wani ƙanena da ya kammala digirin dakta a ABU Zariya ya same ni a Unguwar Rimi yana tambaya kan postdok (wato aikin bincike da ake yi bayan digirin dakta), na ce bari in rubuto nan kowa ya amfana.

Kar ka tsaya sai an yi talla, ka fara nemo farfesan da zai karɓe ka a lab ɗinsa, don manyan tallafin kamar Humboldt na Jamus da Marie Curie na Tarayyar Turai duk sai da mai masauki. Kuma akwai ƙa'idar shekaru, Humboldt na postdok sai wanda bai wuce shekara 4 da gama dakta ba, Marie Curie kuwa har shekara 8 kuma yawanci a Satumba suke rufewa, to wanda ya gama ya zauna yana cewa sai an ƙara masa girma tukuna, lokaci na tafiya fa.

Imel ɗin da ake tura wa farfesan nan shi ne inda muke faɗuwa. Ni na taɓa tura wasiƙa iri ɗaya wa farfesoshi da yawa, har na manta ban canza sunan ɗaya ba, wallahi ko amsa ban samu ba. Ka karanta takardun binciken farfesan biyu ko uku, ka faɗa masa abin da za ka ƙara a kai, a taƙaice, ka haɗa da CV da ORCID ɗinka (lambar shaidarka ta mai bincike a intanet).

Masu injiniya ku leƙa jami'o'in KAUST da KFUPM a Saudiyya ma. Malaman KASU (jami'ar jihar Kaduna) da Kadpoli kuma ku fara zancen hutun karatu da HOD (shugaban sashe) tun yanzu.