Tarakta ta ƙi tashi: laifin wuta ne ko na haidirolik?

Da yawa daga cikin sitatocin ƙananan taraktoci da ake cirowa daga gonakin Ejura da Atebubu a kawo Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, lafiyarsu ƙalau. Mai tarakta yana zaune a Aboabo ko Asawase, direba ya bugo waya cewa ta ƙi tashi, sai a ce ya kwance sitata ya aiko a mota. Ruwan Afrilu ya sauka, huɗa tana jira, a mayar da sitata kuma a tarar ba a nan gizo ke saƙar ba. Don haka kafin ka taɓa noti ko ɗaya, murɗa makulli ka saurara, ƙarar da tarakta ta yi ita za ta nuna maka inda za ka dosa. Kayan aikin ba su da yawa: mitar auna wuta, sifana mai lamba 10 da 13, samfefa, da mutum ɗaya da zai zauna a kujera yana murɗa maka makulli.

Idan ka murɗa ka ji shiru, fara da batir. Ɗora mita a kawunansa biyu. Bolt 12.6 cikakke ne, 12.2 kusan rabi, ƙasa da 12 kuwa ya sauka, sai caji. Amma kada ka yarda da wannan lambar ita kaɗai, tsohon batir yakan nuna 12.5 yana hutawa, da an ɗora masa nauyi ya durƙushe. Sa abokin aikinka ya murɗa makulli kana kallon mita. In ta faɗi ƙasa da 9.6 bayan an yi masa cikakken caji, batirin ya gama aiki. Buɗe murafansa ka leƙa, domin zafin ƙasar nan yana ƙafar da ruwan da sauri. Ruwan ya kamata ya rufe farantan ciki. A ƙara tataccen ruwan batir kawai, ban da ruwan leda, ban da na rijiya, kuma ba a ƙara asid.

Kawunan batir su ne suka fi ba da wahala. Farin gari ko kore-koren da ke taruwa a kansu yana barin fitila ta kama, amma yana hana babbar wutar da sitata ke ja wucewa. Cire na negatif tukuna, sannan na fozitif, a goge ciki da waje da samfefa har ƙarfen ya yi haske, a ɗaure tamau, a shafa giris kaɗan. Wajen mayarwa negatif ne na ƙarshe. Bi wayar negatif har inda aka ɗaure ta a jikin tarakta, nan tsatsa ke ɓuya a ƙarƙashin wasa, ɗan faifan ƙarfen da noti ke zama a kansa. Ga gwajin da ke tona asirinta: ƙafar mita ɗaya a kan negatif na batir, ɗaya a jikin injin, a murɗa makulli. In mita ta nuna fiye da bolt 0.3, wuta tana ɓata a hanya. Yi haka tsakanin fozitif da babban notin sitata, nan kada ta wuce 0.5.

Akwai kuma babban fiyus, galibi mai amfiya 40 zuwa 60, kusa da batir ko sitata. In ya ƙone komai zai mutu. Nemi abin da ya ƙona shi kafin ka sa sabo. Taraktar da ke kwana kusa da buhunan masara ɓeraye kan gwagwiyi wayoyinta. Naɗa siririyar waya a madadin fiyus shi ne yadda ake ƙone wayarin gaba ɗaya.

Fitilu sun kawo amma sitata ba ta motsa ba? Ƙananan taraktocin zamani, irin su Kubota da John Deere da Mahindra, suna da makunnan tsaro da ke yanke wuta. Dole giya ta kasance a firi, libar PTO, sandar baya da ke juya kayan aiki, a kashe, wasu sai an taka kuloci har ƙasa, wasu sai mutum yana kan kujera. Girgiza libar giya da ta PTO yayin da ake riƙe da makulli, sau da yawa ƙura ce ko ɗan makunnin ya goce daga mazauninsa. In ba a dace ba, je wurin siririyar wayar da ke shiga solonoyid, makunnin maganaɗisu da ke jikin sitata. Bolt 12 ya iso lokacin da ake murɗa makulli, amma shiru? Yanzu ne sitata ta cancanci tafiya Magazine. In bai iso ba, laifin yana baya: makullin kansa, rile, ko ɗaya daga makunnan nan.

Ɗan'uwa, kada ka tsaya a ƙasa gaban tayar baya ka haɗa notin sitata da sukudireba. In giya tana ciki, tarakta za ta tashi ta bi ta kanka kafin ka ɗaga ƙafa. Wannan dabarar ta kashe mutane.

Ƙarar kat-kat-kat da sauri ƙarancin wuta ce, koma kan batir da kawunansa. Ƙara ɗaya mai nauyi, ƙwas, sannan tsit, wata magana ce daban. Sa sifana a notin babbar fuli ta gaban injin ka juya da hannu. In ya ƙi juyawa, kuma tarakta ta kwana a waje cikin ruwan sama da salansa a buɗe tana kallon sama, ruwa ya shiga silinda. Ruwa ba ya matsuwa, in ka dage da makulli za ka lanƙwasa sandar fistin. A cire hita, wato fulogin da ke ɗumama silinda, ko nozul mai fesa dizal, a juya injin ruwan ya fita, a canza baƙin mai.

To, ga inda ake yawan ɗora wa sitata laifin da ba nata ba. Batir lafiya, wayoyi lafiya, amma injin yana juyawa da ƙyar, ko ya tashi ya mutu nan take da wani irin kuka. Famfon haidirolik galibi a jikin injin yake, da injin ya fara juyawa shi ma ya fara tura mai. In man bai sami hanyar komawa tankinsa ba, sitata tana juya injin ne tana kuma kokawa da matsin da ya kai 150 zuwa 200 a ma'aunin bar, gwargwadon irin taraktar. Duba libar da ke sarrafa tirela ko shebur na gaba, ko ta maƙale a gefe ɗaya ba ta dawo tsakiya ba. Duba libar ɗaga garma, ko an ja ta har ƙurya. In an cire shebur, tabbatar an haɗa tiyon da ke mayar da mai yadda ya kamata, domin mahaɗin da bai shiga ya kulle ba rufaffiyar hanya ce, kuma yana iya fasa famfon. Sauke garma ƙasa, kaɗa kowace liba gaba da baya injin a kashe don matsin ya sauka, mayar da su tsakiya, sannan ka sake gwadawa. Kada ka riƙe makulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15, kuma a huta kamar minti ɗaya tsakanin gwaji.

Zaro sandar auna man haidirolik ka duba da kyau. In ya yi kalar shayi mai madara, ruwa ya shiga, a zubar a canza filta. In kumfa ce, famfon yana zuƙar iska ta tiyon da ke kawo masa mai, a duba ɗaurin bakinsa ko tsagewa. Akwai kuma ragar ƙarfe a ƙasan akwatin giya da mutane ke mantawa da ita shekara da shekaru. In ta toshe, famfon zai riƙa kuka, garma ta riƙa hawa tana karkarwa, sitiyari ya yi nauyi. A wanke ta da dizal. Sannan duba baƙin man injin: in yana ƙaruwa da kansa alhali na haidirolik yana raguwa, sil ɗin famfon ya mutu, mai yana tsallakawa cikin injin. Man da za a zuba shi ne wanda littafin taraktar ya ambata, galibi mai rubutun UTTO. Man giya mai lamba 90 ya yi kauri, kuma yana ɓata birkin da ke aiki a cikin mai. Idan garma ta ɗaga ta ƙi sauka, kafin a kira makanike a murɗa ɗan ƙullin da ke ƙasan kujera, shi ke daidaita saurin sauka kuma ana yawan rufe shi bisa kuskure. Wajen neman yoyo a tiyo a yi amfani da kwali. Siririn man da ke fita da matsi yana huda fata, kuma raunin na asibiti ne nan take ko da ya yi kama da tsinin allura.

In injin yana juyawa da ƙarfi amma bai kama ba, kalli salansa. Babu hayaƙi ko kaɗan, dizal ba ya isa: saurari ɗan ƙas na solonoyid ɗin mai idan an kunna makulli, duba fiyus ɗinsa, zubar da ruwan ƙasan kofin filta, sassauta notin fitar da iska har dizal ya fito ba kumfa. Farin hayaƙi da sanyin safiyar hunturu yana nuna hita, kowace ɗaya ta nuna kusan om 1 a mita. Tarakta mai giyar haidirolik, wadda ake taka feda gaba da baya, ba ta tashi da turi ko ja, sai dai a lalata ta.

Bayan ta tashi, mayar da mita kan batir. Ya kamata ka ga 13.8 zuwa 14.4. Ƙasa da haka, duba fambel ko ya saki, sannan oltaneta. Idan kuma ya tabbata sai an sayi kaya a Magazine ko Abossey Okai, kasuwar kayan gyaran mota ta Accra, a tafi da tsohon a hannu, da lambar taraktar da ta injin. A sitata a ƙirga haƙoran fiyon, ƙaramar giyar da ke bakinta, a famfon haidirolik a tambayi ɓangaren da yake juyawa, domin akwai na dama akwai na hagu, kuma a ido iri ɗaya suke.