Ƙararrawar ɗakin inji: kurakuran da sababbin ma'aikatan jirgin ruwa suka fi yi

Katsina ba ta da teku, amma 'ya'yanta suna zuwa teku. Yaro zai karanta lantarki a Kwalejin Hassan Usman Katsina ko a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Daura, ya zarce makarantar aikin jirgin ruwa ta Oron a jihar Akwa Ibom, ko ya samu gurbi a shirin horar da ma'aikatan jirgi da NIMASA, hukumar kula da harkokin jiragen ruwa ta Najeriya, ta fara a 2008. Ƙannena masu wannan niyya, da ku nake. Ranar da kuka sauka ɗakin inji, abin da zai fara tarbar ku allon kwamfuta ne da ƙarar ƙararrawa.

Jirgin zamani cike yake da sensoci masu auna zafi, ƙarfin mai, yawan ruwa a tanki da gudun inji, duk suna aika rahoto ɗakin kula da injuna. Yarjejeniyar SOLAS ta 1974, ta ƙasashen duniya kan kare rayuka a teku, ta yarda a bar ɗakin inji ba kowa na wani lokaci, amma da sharaɗin ƙararrawa za ta bi injiniya mai jiran aiki har ɗakin kwanansa, in bai amsa ba ta tashi sauran injiniyoyi. Ke nan da dare rayukan mutanen jirgi a hannun wannan tsari suke.

Kuskuren da ya fi kowanne yawa shi ne danna maɓallin "na ji" a koma a zauna. Maɓallin nan ƙara kawai yake kashewa, matsalar tana nan inda take. Dubi abin da ya samu jirgin fasinja Viking Sky a gaɓar Norway ranar 23 ga Maris 2019, da mutum 1,373 a ciki. Baƙin man da ke tankunan injunansa bai wuce kashi 28 zuwa 40 cikin 100 ba, alhali masu ƙera injin sun ce ya kai 68 zuwa 75. Da safiyar ranar, ƙararrawar ƙarancin mai ta yi ƙara sau 18. Kowace an danna mata, ta ɓace cikin daƙiƙoƙi, domin igiyar ruwa tana karkata jirgin, man yana gangarawa gefe ya dawo. Da rana famfo ya zuƙi iska a maimakon mai, injuna suka mutu, jirgi ya doshi duwatsu ba wuta, sai da aka kwashe mutum 479 da jirage masu saukar ungulu. Ƙararrawar da ke zuwa ta tafi ita ce ta fi yaudara, don tana koya wa kunne rainuwa. In ta maimaita kanta, tashi ka je wurin da ƙafarka, ka zura sandar awo a tanki, ka duba ma'aunin da ke jikin injin, ka rubuta abin da ka gani, ka faɗa wa injiniya na biyu.

Sai toshe bakin sensa. Mun san yadda ake yi a gida: janareta yana mutuwa saboda na'urar da ke jin ƙarancin baƙin mai, a kai shi wurin makanike a Ƙofar Ƙaura, ya cire wayar, inji ya tashi, kowa ya yi murna, bayan mako biyu ya ƙone. Wannan ɗabi'a kada ta bi ka jirgi. A can siffarta uku: a rufe ƙararrawar a kwamfuta, ko a haɗa wayoyi biyu a tsallake sensa, ko a ɗaga iyakar zafi don ta daina kuka. Na ukun ya fi muni a ganina, domin ba ya barin alamar da mai karɓar aiki zai gani. Akwai lokacin da dole a rufe wata ƙararrawa saboda gyara. To a yi da izinin babban injiniya, a rubuta a littafi, a rataya takarda a wurin, a riƙa zagayawa ana aunawa da hannu, a mayar da ita da zarar an gama.

Na'urar da ba a wasa da ita ko kaɗan ita ce mai gano hayaƙin mai a gidan karanshaf. In boris ya yi zafi, mai yana zama hazo, hazon kuma yana kama wuta. A 1947 irin wannan fashewa ta kashe mutum 28 a jirgin Reina del Pacifico kusa da Belfast. Yanzu doka ta wajabta wannan na'ura, ko mai auna zafin boris, a injunan da suka kai kilowat 2,250 ko faɗin silindarsu ya haura milimita 300, a ɗakin injin da ake bari ba kowa. In ta yi ƙara, a rage gudu, a tsayar da inji, a nisanci ƙofofinsa, kuma kada wanda ya buɗe su sai ya huce, don iska na shiga zai iya kama wuta.

Wasu kuma bakinsu ya saba da "sensa ce ta lalace" tun ba su gwada ba. Gwajin ba wuya. Sensar zafi ta PT100 tana nuna om 100 a digiri 0, kusan om 138.5 a digiri 100: cire wayoyinta, ɗora mita, kwatanta da ma'aunin zafi na hannu. Masu auna ƙarfin mai da ruwa galibi suna aika wuta tsakanin miliamf 4 da 20. An fara daga 4 ne da gangan, don in ka ga 0 ka san waya ce ta tsinke ko wuta ta yanke, ba tankin ne ya ƙare ba.

Waya ma kanta abin dubawa ce, don jirgi ba ya daina jijjiga. Jirgin kwantena Dali da ya rushe gadar Francis Scott Key a Baltimore ta Amurka ranar 26 ga Maris 2024, ma'aikatan gyaran hanya 6 suka mutu, masu bincike sun gano wata waya guda ce da ba ta zauna daidai a mazauninta ba ta jawo ɗaukewar wutar farko. Haka ƙararrawar yoyon wuta zuwa jikin jirgi: yoyo ɗaya ba ya kashe komai, shi ya sa ake sakaci da ita, amma na biyu yana iya kashe famfo ko injin sitiyari. A bi layi ɗaya bayan ɗaya a nemo yoyon tun yana guda.

In wuta ta ɗauke, allo zai cika. A Viking Sky kusan ƙararrawa 1,000 suka shigo cikin daƙiƙa 10 na farko. Kada ka bi ta ƙarshe. Buɗe jerin abubuwan da suka faru ka nemo ta farko, sauran yawanci 'ya'yanta ne. Wannan ba zai yiwu ba in agogon kwamfutocin bai zo ɗaya ba, don haka a riƙa daidaita su.

Kafin ka sauka ɗakin inji kai kaɗai da dare, sanar da mai jiran aiki a ɗakin tuƙi, ka kunna ƙararrawar da ke tabbatar da kana raye, wadda ake sake dannawa kafin minti 30 su cika. Ƙararrawar ruwan da ke taruwa a ƙasan jirgi kuwa, ɗaga abin nan nata da ke yawo a kan ruwa da hannu ka ji ta yi ƙara, ka goge dattin mai da ya daskare a jikinsa, sannan ka sa hannu a takardar gwaji.