Babi na 4: Ɗaukar Hoton Kaya da Waya

Darasi na 1: Goge ido

Juya wayarka. A bayanta akwai ɗan gilashi zagayayye, shi ne idon kyamara. A bayan waya na ce, ba a fuska ba. Wayar da ta wuni a aljihu cikin gumin Ikko, idonta ya yi maiƙo. Goge shi da bakin riga mai tsabta, ban da yatsa.

Darasi na 2: Tsayar da hannu

Nan ne kusan kowa yake tuntuɓe, don haka kada ka ji kunya. Kama waya da hannu biyu. Manne gwiwar hannu a jikinka. Buɗe kyamara, saita ta a kan kayan, misali kwandon tumatir, ka taɓa shi a fuskar waya har ya fito tar. Sai ka danna farin maɓalli a hankali. Ka danna? To, tsaya cak. Ƙirga ɗaya, biyu, uku, sannan ka sauke.

Kyamara tana buƙatar ɗan lokaci ta tara haske, a rumfa mai duhu kuma ta fi daɗewa. In hannu ya motsa a lokacin, hoton zai fito dishi-dishi.

Wani ɗalibina mai albasa a kasuwar Mile 12 ya tura wa wata Hajiya a Agege hoto ta WhatsApp. Ta bugo masa: "Malam, albasa ce wannan ko dankali?" Da na duba, yana dannawa yana fizge hannu kamar ya taɓa garwashi. Yau hotonsa har jan ɓawon albasa ake gani. Kai ma za ka iya, ke ma haka.

Mu sake. Hannu biyu. Danna. Ɗaya, biyu, uku. Sauke.

Haba jama'a! Mako uku ke nan ina faɗa, amma jiya mutum takwas sun kawo mini hoto kamar an ɗauka a kan acaɓa. Gaggawar me ake yi? Tumatir ba ya gudu. Ku ƙirga, don Allah.

Darasi na 3: Haske

Rana ta kasance a bayanka, tana haska kayan. In ka fuskance ta, kayan za su yi baƙi. Safe da la'asar sun fi tsakar rana. Nan ma a ƙirga.

Darasi na 4: Hoton mutane

Nemi izini tukuna, musamman na mata.

Darasi na 5: Bidiyo

Maɓalli ja ake dannawa. Ku gwada a gida.