Yadda shugaban makaranta zai tare rikici tun bai ci ƙarfinsa ba

A watan Yuni na 2022 ɗaliban Islamic Senior High School da ke Abrepo a Kumasi suka tare titi, saboda yadda motoci ke yawan kaɗe mutane a bakin makarantarsu. 'Yan sanda suka zo, aka harba barkonon tsohuwa, aka kwashi ɗalibai da dama zuwa asibiti, iyaye suka yi ta tururuwa kowa na neman nasa. Koken titin nan kuwa ba ranar aka fara shi ba. Haka yawancin rikicin makaranta yake, yana yin sallama kafin ya shigo. Ga matakan da hedimasta ko mai makaranta a Aboabo, Asawase ko Sabon Zango zai bi, ko da asusunsa ba nauyi.

Na farko: zagaya makarantar da ƙafarka. Ɗauki takarda ka rubuta wuraren da idon malami ba ya kaiwa: bayan banɗaki, layin mai waakye (shinkafa da wake) lokacin hutu, inda katanga ta rushe, ɗakin kwana bayan an kashe fitila. Kada ka tambayi firifet, ka tambayi 'yan aji ɗaya, su ne suka san inda ake ƙwace musu kuɗin koko. Kowane wuri a ba shi malami, da sunansa da lokacinsa.

Na biyu: buɗe hanyar da magana za ta iso gare ka. A nan aikin yake. Yaron Zango ya gwammace ya sha duka da a kira shi munafuki a unguwa, don haka akwatin koke da aka kafa a ƙofar ofishinka, inda kowa zai ga mai jefa takarda, ado ne kawai. Zaɓi malamai biyu, mace da namiji, waɗanda yara suke sakin jiki da su tun asali, ka sanar cewa duk abin da aka faɗa musu ba za a ambaci sunan mai faɗa ba. Ka kuma jawo maigadi da matan da ke sayar da abinci a jiki, domin sukan ji "za mu haɗu bayan an tashi" tun kafin wani malami ya ji.

Kowane rahoto ya shiga littafi guda: rana, abin da aka ji, wanda aka ɗora wa bincike, abin da aka yi. Bayan wata biyu littafin da kansa zai nuna maka sunayen da ke maimaituwa. Kuma ka ba da amsa cikin kwana biyu, ko da amsar ita ce "mun rubuta wa hukuma, ga kwafin wasiƙar". Ɗalibin da ya ga kokensa yana tafiya da wuya ya ɗauki dutse.

Na uku: raba aiki da suna. Wa zai kira 'yan sanda? Wa zai rufe ƙofa? Wa zai ƙirga yara da rajista? Wa ke riƙe da akwatin taimakon gaggawa? Kowanne a ba shi mataimaki, saboda ranar da abin zai faru mai yiwuwa kai kanka kana taro a ofishin ilimi. A manna lambobi a ɗakin malamai da ɗakin maigadi: 112 ga kowane irin gaggawa, 191 'yan sanda, 192 'yan kwana-kwana, 193 motar asibiti. Je ka gaisa da kwamandan ofishin 'yan sanda mafi kusa tun ana zaman lafiya, ka karɓi lambarsa, ku yi magana kan yadda za su shigo idan an kira su; ba a fafe gora ranar tafiya. Ku tsayar da asibiti: Manhyia ga na kusa da ita, babban rauni kuwa Komfo Anokye. Ku yi yarjejeniya da wani direban tasi na unguwa, don cunkoson Kumasi ba ya sanin gaggawa.

Na huɗu: alama biyu, ba ɗaya ba. Ƙararrawa mai tsawo tana nufin kowa ya fita fili, kamar in gobara ce. Bugu uku gajeru yana nufin a shiga aji, a kulle, a nisanci taga, don masu faɗan suna waje. A gwada duka biyun sau ɗaya kowane zangon karatu.

Na biyar: shiga unguwa. Faɗan yara biyu a aji ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne a je a kira yayye daga majalisar ataya, su zo bakin ƙofa da adduna. Wannan kuwa maigadi ba zai iya ba. Liman zai iya, sarkin Zango zai iya, shugaban samarin da yayyen ke jin maganarsa zai iya. Kai musu gaisuwa a farkon shekara, ka ce, "Baba, yaran nan naku ne, in na kira da rana tsaka ina roƙon a ɗauka." Iyaye kuma a gaya musu a taro ƙarara: wanda aka taɓa ɗansa ya zo ofis, kada ya aiko yayansa.

Na shida: ranakun da jini ke tafasa. Wasannin makarantu a filin Baba Yara da ranar takardar ƙarshe ta WASSCE, jarrabawar kammala sakandare. A tafi tare da malamai, a dawo tare, a ƙirga kai kafin mota ta tashi.

Na bakwai: bayan ƙura ta lafa. Saƙo guda daga bakin mutum guda ya tafi zauren WhatsApp na iyaye kafin jita-jita ta riga shi: abin da ya faru, cewa yara suna hannu, lokacin da za a zo ɗaukarsu. Ba sunan yaro, ba hoto. Game da horo, hukumar ilimi ta Gana ta hana bulala a makarantu tun 2017, kuma malamin da ya rama duka da duka ya koya wa aji darasin da ake son gogewa. Zagi da ture-ture a yi sulhu, a kira iyaye, a sa hannu. Amma wuƙa, ko rauni, ko taɓa mutuncin yarinya, ba maganar "a rufa asiri, ɗan gidan wane ne" ba ce, duk girman wanda ya zo roƙo. Wannan ta 'yan sanda ce, ta cin zarafin yaro kuma a kai ta DOVVSU, sashen 'yan sanda mai kula da cin zarafi a cikin gida da tallafa wa waɗanda aka zalunta, a rubuta wa daraktan ilimi na yankin rahoto a ranar. Cikin makon a zauna da malamai da maigadi a duba wace lamba ce ba ta shiga ba, wace ƙofa ce ta ƙi rufuwa, a gyara takardar raba aikin.